Sharhi kan hidimar ƙungiyoyin 'yan turka a Kano: shin kuɗin rajistar yana biyan kansa?

Mai turka raguna biyar ko goma a bayan gida, a Ɗorayi ne ko Rijiyar Lemo, shi ne ya fi kowa shan wuya a harkar tumaki, domin komai ƙwaya-ƙwaya yake saye. Shi ya sa ƙananan ƙungiyoyin masu kiwo suka yawaita, suna karɓar kuɗin rajista da na wata, su kuma suna alkawarin allurar rigakafi, abinci da rahusa, da kasuwa idan Babbar Sallah ta matso. A takaice, biyu na farko suna biyan kuɗinsu, na ukun kuwa har yanzu da sauran rina a kaba.

A fara da rigakafi, don nan ne ƙungiya ta fi amfani. Cutar PPR, mai zuwa da zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo, tana iya share garke cikin mako biyu. Allurarta, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke haɗawa, a kwalba mai ɗauke da ta dabbobi masu yawa take zuwa, hamsin ko ɗari. Mai rago shida ba zai fasa kwalba don kansa ba. Ƙungiya ce ke tara dabbobin unguwa a rana guda, ta kira malamin dabbobi, a yi wa kowacce mil 1 a ƙarƙashin fata, kuma kariyar takan kai shekara uku. Wannan kaɗai ya isa dalilin shiga.

Amma a nan ne kuma ake yin ɓarna. Allurar gari ce a daskare, sai an dama ta da ruwanta, kuma da zarar an dama, kwananta ya ƙare cikin kamar awa biyu, shi ma sai tana cikin ƙanƙara. Abin da ake yawan gani shi ne a dama da ƙarfe takwas na safe, a ajiye kwalbar a kan benci, ƙanƙarar kula ta narke ta zama ruwan ɗumi, ana jiran wane ya koro nasa daga wancan layin har azahar. Ragon da aka yi wa a ƙarshe ruwa kawai aka tsira masa, mai shi kuma ya tafi da zaton ragonsa ya sami kariya. Duk ƙungiyar da ba ta tara dabbobi tukuna kafin a fasa kwalba, ko take amfani da tsinken allura ɗaya ga garke goma, aikinta rabi ne. Haka maganin tsutsa: Ivermectin mai kashi 1 cikin ɗari mil 1 ake bai wa kilo 50 na nauyi, amma da yake babu sikeli sai a kimanta da ido. Ragon Balami ya sami ƙasa da kima, tsutsa ta saba da maganin, gobe a ce jabu ne.

Abinci shi ke cinye mafi yawan jarin turka. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne a ƙarshen bazara (ta 2025 ranar 6 ga Yuni aka yi), wato kwana 90 zuwa 120 na turka suna faɗawa daidai lokacin da harawa ta fi tsada, zafi kuma yana haura digiri 40. Ƙungiyar da ta san aikinta da kaka take sayen harawar wake da ta gyaɗa, a Oktoba da Nuwamba, ta jibge a rumfa a kan katako don kada ƙasa ta jiƙa ta. Masu yin haka sun cancanci yabo. Inda suke gazawa shi ne ba sa koya wa mambobi haɗin. Rago mai kilo 40 yana cin kusan kilo ɗaya da rabi na busasshen abinci a rana, kuma bai kamata dusa ta rinjayi harawa ba. Mai gaggawa yakan ɗura wa sabon rago dusar masara da tsaba tun ranar farko, ciki ya kumbura, dabba ta kwanta. A hankali ake ƙarawa, cikin mako biyu. Yawan dusar alkama ba isasshen ruwa kuma shi ke kawo tsakuwar mafitsara: za ka ga rago yana nishi, yana ɗaga wutsiya, fitsari na ɗiga kaɗan-kaɗan. Gishirin lasa da ruwa a gabansa dare da rana suna rage wannan, amma da wuya ka ji an faɗa a taron wata, an fi ɓata lokaci kan wanda bai biya tara ba.

Kasuwa ce rauninsu. Mai kiwo ya kai ragonsa 'Yan Awaki ta Unguwa Uku ko karar Wudil ranar Juma'a, farashi yana hannun dillali, a tattaɓa gadon baya, a ɗaga wutsiya, a yanka kuɗi, a cire la'ada. Ba a sayarwa da kilo. Ƙungiya za ta iya sayen sikelin rataye ɗaya ta ajiye wa mambobi, ko don mutum ya san nauyin abin da ya turka kafin ya buɗe baki, amma ƙalilan ne suka yi. Ba sa kuma bibiyar labarin kan iyaka, alhali shi ke juya farashi. Da Nijar ta hana fitar da dabbobi a Mayun 2025, Uda da Balami masu shigowa ta Maigatari sun ragu, kuma wanda ya sami labarin da wuri bai yi gaggawar sakin nasa ba.

Batun kai kuka ga hukuma kuwa, an kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024, sai dai muryar masu shanu ta fi ƙarfi a irin waɗannan zaurukan, masu tumaki a rarrabe suke, kowace unguwa da shugabanta.

Kafin ka biya rajista, nemi a nuna maka kular allura da littafin da ake rubuta ranar rigakafi da lambar kwalba, ka kuma leƙa rumbun harawarsu a watan Disamba. Idan ka tarar da shi wayam, a watan Afrilu a farashin kasuwa za ka sayi harawa kamar kowa.