Na mai, na iska ko na lantarki: wanne za ka sa a hannun mutum-mutuminka?

Ɗan'uwa da ya tambaya jiya cewa yana son haɗa ƙaramin hannun mutum-mutumi na furojet ɗin makaranta, wanda zai ɗaga gorar ruwa ya ajiye, wai wani ya ce masa haidurolik ya fi ƙarfi shi kuma sarbo yake gani a kasuwa, ga yadda nake kallon abin.

Aktuweta dai shi ne ɓangaren da ke karɓar umarni ya mayar da shi motsi, kamar tsoka a jikin mutum. Sensa ta gani, kwamfuta ta yanke hukunci, shi kuma ya tura ko ya ja ko ya juya.

Na mai, wato haidurolik, ka san shi ai, wannan sandar ƙarfen mai sheƙi da ke ɗaga bayan tifa ta juye yashi, da hannun katafila, har jak ɗin mai faci. Fanfo ke matsa mai cikin silinda, mai kuma baya matsuwa, to duk ƙarfin fistin yake tafiya. Silinda mai faɗin milimita 50 in ka ba ta matsin ba 200 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne) tana tura kusan tan 4. Wannan silindar dai in iska ce daga kwamfuresa a ba 6, kilo 120 ne da 'yan kai. Ka ga ratar. Amma fa na mai sai ka tanadi tanki da fanfo da bawul da tiyo, ga yoyo, sil ya ɗan ci kawai ƙasa ta jiƙe da mai, kuma ƙurar hunturu in ta shiga man nan bawul ne zai fara ba ka ciwon kai.

Na iska yafi sauri da tsafta, shi yasa kamfanonin cika kwalba ke sonsa, da ƙofar manyan bas da burkin tirela. Matsalarsa iska tana matsuwa, fistin yana son ya fita gaba ɗaya ko ya koma gaba ɗaya, tsayar da shi a tsakiya daidai sai da ƙarin kayan kuɗi.

Na lantarki kuwa nan ne aikinka yake. Sarbo ƙaramar motar lantarki ce (motor) mai juyawa, da giya da abin auna kusurwa a cikinta, ka ce mata digiri 40 daga Arduino, ƙaramin allon kwamfuta mai ba da umarni, ta je ta tsaya a 40 ta riƙe. Sitefa irin ta firintar 3D taku take yi, taku 200 zagaye ɗaya, amma in kaya ya fi ƙarfinta tana tsallake taku kuma bata gaya maka. Ko kamfanin Boston Dynamics a 2024 sun ajiye mutum-mutuminsu Atlas na haidurolik suka fito da na lantarki zalla, balle kai da gora ɗaya.

Sai dai ka yi lissafi kafin ka kashe kuɗi, anan mutane ke faɗuwa. Shuɗiyar sarbon nan SG90 giram 9 ce, giyarta roba, ƙarfinta bai kai kilo 2 a nisan santimita ɗaya daga inda take juyawa ba, yatsu kaɗai za ta iya. MG996R mai giyar ƙarfe tana wajen kilo 10 a santimita ɗaya, to in hannun ya kai santimita 20 rabin kilo kenan a bakinsa, daidai nauyin gorar 50cl tun ba a sa nauyin hannun kansa ba, za ta yi ta kuka tana rawa tana zafi. Ko ka gajarta hannun, ko ka sa biyu a kafaɗa, ko ka rage ruwan.

In malamin ne ya dage sai ya ga haidurolik, sirinji da tiyon ƙarin ruwa sun isa nuna ƙa'idar.

Kuma don Allah kar ka ja wutar sarbo daga fin ɗin 5V na Arduino, MG996R ɗaya in ta ciza, wato kaya ya hana ta juyawa, tana jan fiye da amfiya 2, allon zai ta mutuwa yana tashi. Ba su wutarsu daban, ka haɗa girawun (wayar negatif) na wutar sarbon da na Arduino waje ɗaya.