Bindigar .22 mai araha bayan shekara ɗaya da rabi a hannuna

Ranar da na fara kai bindigar nan filin harbi, sau huɗu ta cije mini kafin in gama kwalin harsashi na farko mai guda 50. Na koma gida raina a ɓace, ina ganin na zubar da kuɗina. Yau shekara ɗaya da rabi ke nan, na harba harsashi ya haura dubu uku da ita, kuma tana nan cikin akwatin ƙarfen da nake kulle ta. Ban sayar ba, ba ni kuma da niyyar sayarwa. Na rubuta wannan ne saboda wanda ke tsaye yana shawara, ya sayi irinta ko ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin wadda ta fi ta.

Doguwar bindiga ce mai ɗana kanta, tana cin ƙaramin harsashin da ake kira .22 LR (Long Rifle), gidan harsashinta na ɗaukar guda 10. Gindinta baƙar roba ce, jikin da sakatar (ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu) ke gudu a ciki na alminiyam, bututun kuwa ƙarfe. Tana cikin mafi araha a ajinta. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin guda ɗaya tak na riƙe, kuma ba adalci ba ne in yanke wa dubban bindigogi hukunci da ita. Da lasisi na mallake ta, don harbin takarda a filin da aka keɓe, daga mita 25 zuwa 50.

Wanda bai san harsashin ba ba zai fahimci halin bindigar ba, don haka bari in tsaya a kansa. Harsashin .22 LR tsoho ne, kamfanin J. Stevens na Amurka ya fito da shi a 1887. A manyan harsasai, sinadarin da ke kunna albarushi yana cikin wani ɗan ƙoƙo a tsakiyar gindin kwanso. A wannan kuwa an baza shi ne a cikin leɓen da ya kewaye gindin, allurar bindiga ta daki leɓen, ta matse shi, wuta ta kama. Idan aka yi rashin sa'a sinadarin bai kewaye leɓen duka ba, allura ta faɗa inda babu komai, sai ka ji ƙas, babu harbi. Sannan kan harsashin darma ce da aka shafe da kaki ta waje, nauyinta yawanci giram 2.6. Kowane harbi yana barin kaki da toka a cikin bindiga.

Ita kuma bindigar ba ta da wani abin da ke kulle sakatarta lokacin harbi. Nauyin sakatar da ƙarfin sifirin ne kawai ke riƙe da kwanso. Ƙarfin fashewar ya tura kwanson baya, kwanson ya tura sakata, ƙugiya ta riƙe leɓensa har ya yi karo da abin da ke cilla shi waje, sifirin ya dawo da sakata ta kwaso sabon harsashi. Duk wannan aiki da ɗan ƙarfin ƙaramin harsashi ake yin sa, babu rara mai yawa. Datti kaɗan, ko harsashi mai rauni, ko sifirin da bai saki jiki ba tukuna, ya isa ya tsayar da komai.

Abin da ya same ni ranar farko ke nan. Wani dattijo da ke harbi kusa da ni ya lura ina fama, ya matso ya tambaye ni ko na wanke ta kafin in kawo ta. Ban wanke ba. Ya sa na cire gidan harsashi, na ja sakata, muka tabbatar babu komai a ciki, sannan ya nuna mini maiƙo mai kauri da masana'anta ke shafawa don hana tsatsa. Ya kuma dubi kwalin harsashina, ya ce mai matsakaicin gudu ne, sabuwar bindiga kuwa ta fi son mai saurin gudu har sai gaɓoɓinta sun goge juna. Na koma gida na kwance ta, na goge maiƙon tas, na ɗiga mai ɗan kaɗan inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Fitowa ta biyu na harba guda 150 masu saurin gudu, sau ɗaya ta tsaya.

Tun daga nan na fara ajiye ɗan littafi a jakar bindigar, ina rubuta kowace tsayawa da irin harsashin da gidan da ya fito. Wannan littafi ya hana ni zaluntar bindigar, domin ya nuna mini cewa ba duk tsayawa ce laifinta ba. Wani lokaci ka ja kunama ba ta tashi ba, ka jira kamar daƙiƙa 30 bakin bindiga na fuskantar inda ake harbi, ka fitar da harsashin, ka ga sawun allura ya shiga leɓen sosai. Wannan laifin harsashi ne, kowace bindiga za ta yi haka da shi, kuma a manyan kwalayen nan masu guda 500 na fi cin karo da shi. Wani lokaci kwanson da aka harba ya maƙale a tagar fita, sakata ta danne shi. Wannan yakan fara ne idan na wuce harbi 300 zuwa 400 ban goge ba, ko ranar da aka yi sanyi kakin ya daskare. Akwai kuma wanda kan harsashi ke tunkarar bakin ramin bututu ya lanƙwashe maimakon ya shige. Kusan duk irin wannan daga gidan harsashi guda ɗaya suka fito.

Gidan harsashi shi ne babban rauninta, kuma nan ne na fara ganin inda aka rage kuɗi. Wanda ya zo da ita lafiyarsa ƙalau. Na sayi ƙarin biyu, ɗaya ya yi daidai, ɗayan kuwa leɓɓansa ba su riƙe harsashi a kusurwar da ta kamata. Na sa wa kowanne lamba da fenti, ban daɗe ba na gane mai laifin na jingine shi. Abin ya yi mini ciwo, don da ban rubuta ba da na ci gaba da zargin bindigar gaba ɗaya, wataƙila ma na rabu da ita.

Kunamarta ma tana da nauyi. Kana ja kana jin kamar akwai yashi a ciki, sai ta yi ɗan jan ƙafa kafin ta saki. Bayan harbi dubu ta yi laushi kaɗan, amma har yau ba kunamar da za ta taimaki mai koyo ba ce, domin ƙarfin da kake sawa a yatsa yana karkatar da bakin bindiga idan ba ka kula ba. Ban taɓa goge mata haƙora da kaina ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi. Kunamar da aka rage wa kamu fiye da kima tana iya tashi da kanta idan bindiga ta faɗi.

Bututun kuwa bai ba ni kunya ba ko sau ɗaya. Idan na ɗora ta kan buhun yashi da madubin saiti, a mita 50, harsashin da take so yana tara harbi biyar a wurin da bai wuce santimita 3 ba. Da na manyan kwalaye tarin yakan buɗe ya kusa ninkawa. A nan akwai wani abu da mai saye ya kamata ya sani. Harsashi mai matsakaicin gudu yana fita ne ƙasa da gudun sauti, wanda yake kusan mita 343 a daƙiƙa, kuma yawanci shi ya fi tara harbi wuri ɗaya. Shi ake amfani da shi a gasar harbin mita 50 ta Olamfik. Mai saurin gudu yana fita sama da gudun sauti, ya faɗo ƙasa da shi a hanya, wannan sauyin kan ɗan girgiza shi. To amma shi ne ya fi tura sakata da ƙarfi. Wato harsashin da ya fi saiti shi ne bindigar ta fi saurin cijewa da shi. Bayan ta saki jiki ta fara cin mai matsakaicin gudu, muddin tana da tsabta. Ranar da ta yi datti kuwa sai mai sauri.

Ƙananan abubuwa: saitin da ya zo a jikinta na roba ne, na baya yana motsi, shi ya sa na koma madubi. Ƙafafun madubin suna zamewa a kan siririyar hanyar da aka yanka musu sai an riƙa duba kusoshin. Sakatarta ba ta tsayawa a buɗe idan harsashi ya ƙare, sai ka riƙa ƙirgawa, in ba haka ba ka ja kunama a kan wofi. A bindigar da allurarta ke dukan gefe wannan ba ƙaramin abu ba ne, don a wasu samfuran allurar na iya dukan bakin ramin bututu ta yi masa tabo, daga nan kwanso ya fara maƙalewa.

Ana cewa araha ba ta ado, kuma a kan wannan bindiga maganar ta tabbata, amma adon aka rage, ba a taɓa abin da ke kai harsashi inda aka nufa ba. Inda lissafin ke rikicewa shi ne kayan gyara. Bindigar Ruger 10/22, mai cin irin wannan harsashi, tana kasuwa tun 1964, kuma babu wani sashe nata da ba za ka samu wanda wasu kamfanoni suka ƙera ba, daga kunama har bututu. Marlin Model 60, wadda ta fito a 1960 da gidan harsashi mai kama da bututu a ƙarƙashin bakinta, an sayar da miliyoyi, masu gyara sun san cikinta. Tawa ba ta da wannan gata. Gidan harsashinta sai an nema, kunamar canji babu. Wanda ya san zai so ya riƙa sauya sassa, gara ya tara kuɗi ya sayi wadda ke da su tun farko, don bambancin kuɗin zai tafi a neman abin da ba a samu.

Haka kuma idan yaro ko sabon mai koyo za a saya wa, ni zan zaɓi wadda ake ɗanawa da hannu bayan kowane harbi. A kuɗi ɗaya takan fi kyawun kunama, ba ta damu da ƙarfin harsashi ba, kuma ba ta barin sabon harsashi a ɗane ba tare da mai ita ya sa shi da hannunsa ba. Mai ɗana kanta, da zarar ta tashi ta sake ɗanuwa, kuma mai koyo yakan manta da haka ya juyo don ya nuna murnarsa. Na ga an yi, gabana ya faɗi.

Ƙanƙantar harsashin na yaudarar mutane, shi ya sa ba na son jin ana kiran irin wannan bindiga abin wasa. Tana kashe mutum. A jikin kwalaye da yawa an rubuta gargaɗin cewa harsashin na da haɗari har nisan mil ɗaya da rabi, wato sama da kilomita 2, kuma yana tsalle idan ya daki dutse ko saman ruwa. Ba na harbi sai da abin toshe kunne da tabarau, ina wanke hannu bayan na gama saboda darma, kuma idan na ji ƙarar harbi ta fito da rauni nakan tsaya, in sauke harsashi, in duba bututu kafin in ci gaba, don kan harsashi na iya tsayawa a ciki. Ba kuma zan dogara da ita a inda tsayawa ɗaya za ta zama asara ba, ba zan harbi babbar dabba da ita ba, domin raunata ta kawai za a yi ta tafi tana wahala.

Ga harbin takarda dai ta biya ni. Da ita na koyi riƙe numfashi da karanta iska, saboda harsashinta ya fi na kowace babbar bindiga sauƙin kuɗi kuma ba ta dukan kafaɗa, sai mutum ya yi ta maimaitawa har hannu ya saba. A watan da ya wuce na lura bakin ƙugiyar da ke jawo kwanso ya fara dakushewa, kwanso biyu sun tsaya a ramin bututu cikin fita ɗaya duk da na goge ta. Mai gyara ya duba ya ce ƙugiyar ce kaɗai, sauran sassan lafiya lau. Sai da aka yi mako uku ana nema kafin a samo wadda ta dace da ita, an sa, kuma harbi 200 da na yi bayan nan babu wanda ya tsaya.