Kwas ɗin fizik kantik na ranar Asabar, ga yadda ta kaya

Masu tambayata ko kwas ɗin nan na fizik kantik, wato ilimin halin ƙananan abubuwa irin su elektoron, da mushen fizik ke yi ya cancanci jikka goma, bari in amsa nan sau ɗaya kowa ya gani.

Ni abin da ya kai ni bidiyoyin TikTok ne masu cewa wai kimiyya ta tabbatar tunanin mutum ne ke yin abin da yake gani, wai elektoron na canza hali in ka kalle shi. Maganar ta tsaya mani a rai ƙwarai har ta fannin imani, kuma tun da na bar tarminal ban sake taɓa fizik ba, a fada kowa da tashi fassarar.

Asabar ta biyu ce ta biya ni. Na ɗaga hannu na ce Mushe, to in na rufe ido fa, abin ya koma yadda yake? Bai amsa ba, ya sa anka rufe tagogi, ya liƙa silin gashi ɗaya a bakin ƴar leza ta makulli ya haska bango. Sai ga ɗige-ɗige a jere, haske duhu haske duhu. Ya ce mu duka mu zuba ido iya ƙarfinmu. Munka zuba. Ya ce sun ɓace? Ba su ɓace ba, wallahi ko motsi. Jikina har ya yi sanyi. Daga nan ya yi bayanin gwajin tsaga biyu, inda ake tura haske ko elektoron ta ƴan tsagu biyu sai ratsin haske duhu irin wanga ya fito a bango, wanda Thomas Young ya fara da haske wajen 1801, Tonomura kuma ya yi da elektoron ɗaya bayan ɗaya a Japan a 1989 ratsin ya fito dai. Ya ce abin da ke kashe ratsin nan na'ura ce da ta ɗauki shaidar ta wace tsaga abin ya bi, ko da ba ɗan adam ɗin da ya duba ta, ko an kulle ɗakin an tahi gida. Har ya kawo gwajin mutanen masanin fizik Zeilinger a Biyena a 2004, sunka ɗumama dunƙulen karbon 70, wato ƙwayoyin karbon saba'in a haɗe, mai bada irin ratsin nan shi ma, da zafi ya yi yawa sai dunƙulen ya riƙa fidda ɗan haske mai tona inda yake, ratsin ya dushe. Ido na wa ke ciki nan? Ranar a kan kabu-kabu har Talladje ina ta juya maganar, na ce kuɗina sun halatta.

Amma fa har yanzu in na tuna Asabar ta ƙarshe raina ɓaci yake. A tallar an rubuta ƙarara za a yi darasi guda a kan hankali da mai kallo, shi na biya ma. Anka ɗauke kuran, zafi ya yi yawa, mushe ya gama shi cikin minti goma sha biyar yana duba agogo. Ya ambaci masanin lissafi von Neumann da littafinshi na 1932, ya ce masanin fizik Wigner a 1961 ya rubuta cewa hankali na da hannu cikin awo sannan daga baya ya janye, shi ke nan wai sauran falsafa ce. Haba Mushe! Manyan mutane irin waɗannan sunka ɗauki tambayar da nauyi, kai ka share ta da hannu ɗaya? Na tambaya, to mi ke sa in an auna a samu sakamako ɗaya tak cikin duk masu yiwuwa, ya ce masana ba su daidaita ba har gobe, akwai ra'ayin Everett na 1957 akwai na Bohr, zai turo PDF a gurup. Sati uku ke nan, na tuna mashi sau biyu, ya gani bai amsa ba.

Sannan an ce da Hausa za a yi, amma da an shiga lissafi sai Faransanci zalla, wata baiwar Allah da ke kusa da ni ta daina zuwa tun sati na biyu saboda haka kuma ba a maida mata ko dala ba. Wanga ya yi mani ciwo.

In za ku je ku je don lezar nan, mutumin ya san aikinshi ba ƙarya. Ni dai darasi ɗaya nake bin shi bashi, kuma Asabar mai zuwa zan koma in tambaye shi ido da ido.