Gwajin DNA ko tsofaffin takardun gida?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka gano asalin gidanku na Kano. Tsakanin gwajin DNA da bin takardu, takardu za ka bi, tun da sunan kakan kakanka da rayuwarsa kake nema.

Gwajin na saya da tsada, na tofa yawu a ƙaramar kwalba aka kai waje. Abin da ya dawo shi ne kaso kaza Najeriya, kaso kaza Mali. Babu suna, babu unguwa.

A adakar goggonmu na samu abin da nake nema. Takardar rabon gado ce daga kotun alƙali, rubutun Larabci da tawada, ta yi ja, gefenta ya gutsure, an naɗe ta a tsumma tare da tsohon carbi. Wani malami a unguwar Madabo ya karanta mana: sunan mamacin da na mahaifinsa, matansa, 'ya'yansa, har maƙwabtan da gidan ya yi iyaka da su. A nan na fara jin sunan wata 'yar'uwar kakanmu da aka aurar Bichi. Goggo tana jin sunan ta fashe da kuka, ta ba mu labari har magariba.

Don haka fara da tsofaffin gida tun suna raye, musamman mata, su suka riƙe waye ya auri wa. Kada ka tambaye su shekara, tambayi zamani: kafin Turawa su ci Kano a 1903 ne? Zamanin Sarki Abbas ne, 1903 zuwa 1919, ko na Abdullahi Bayero, 1926 zuwa 1953? Sunan unguwa ma jagora ne, kamar Agadasawa, Zangon Barebari ko Tudun Nufawa. Idan kakan ya riƙe sarauta ko ya yi aikin En'e (hukumar sarki ta zamanin Turawa), ka leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, sannan ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Kano suke.

Ka kiyayi masu sayar da salsala. Ka ba su kuɗi, su buga maka takarda mai ado, su haɗa ka da Sharifai ko gidan sarauta ba hujja. Danganta kai ga wanda ba ubanka ba babban laifi ne a addini. Duk wanda ya kawo maka suna, ce ya nuna takardar ko dattijon da ya ji a bakinsa. Kuɗin gwajin kuma, sayi goro da turare ka tafi gaida tsofaffinku wannan Juma'ar.