Hancin sirdi: a sunkuyar ko a ɗaga?

Ɗan'uwa, ka ce keken Phoenix kake hawa a miƙe, bayanka tsaye, amma kana ta zamewa gaba, wuyan hannunka na ciwo, shi ne kake tambaya ko ka sunkuyar da hancin sirdin ko ka ɗaga shi.

Sunkuyarwa ita ce mutane suka fi fara gwadawa, don hancin ya daina matsa musu gaba. Minti biyar na farko za ka ji sakayau. Daga nan duk takun feda jikinka gangarawa yake, sai hannuwa su koma tokare kan keken suna ɗauke da nauyin da sirdi ya kamata ya ɗauka. Ciwon wuyan hannu da na kafaɗa daga nan yake, kuma ina kyautata zaton naka sirdin ya riga ya sunkuya. Sunkuyarwa ta fi dacewa da 'yan tsere, masu kwantawa kan keke.

Ɗagawa kuwa ta fi dacewa da irin zamanka. Mai zama a miƙe nauyinsa na sauka ne kan ƙasusuwa biyu na ɗuwawu, can faffaɗan bayan sirdi. Hanci ya ɗan ɗago, sai ya riƙe ka a wurin, hannuwa su huta. Musamman sirdin fata mai sifirin, irin Brooks B66 na Ingila: fatar kan lotsa idan an zauna, shi ya sa masu shi ke ɗan ɗaga hancin. Amma kaɗan nake nufi, digiri 1 zuwa 3. Ya wuce haka sai ya danne jijiyoyin matse-matsi, wurin ya sage. Ka ji haka, sauke shi nan take, kada ka ce za ka jure.

Ni dai na zaɓi ɗagawa, amma daga daidai ake farawa. Tsayar da keken a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ɗora ɗan katako kan sirdin, ka duba da ma'aunin ruwa na magina. Sassauta notin ƙarƙashi da sifana mai lamba 13 ko 14, ka ɗaga hancin da haƙori ɗaya kacal na ƙarfen da ke riƙe sirdin, ka ɗaure tam, don sakakken noti yana cinye haƙoran. Ka hau kwana biyu kafin ka sake taɓawa.

Idan sirdin na daidai amma har yanzu yana matsa ka, duba tsayinsa. Diddigenka kan feda a ƙasa, ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. In sai ka karkata, rage shi santimita 1.