The Cry of Jazz ko Jazz on a Summer's Day: ga wanda za ka nema

Malam, tunda abin da kake so ɗalibanka su gani shi ne yadda kiɗan jaz ya cuɗanya da wariyar launin fata a Amurka, a cikin finafinan nan biyu da ka tambaya, ɗauki The Cry of Jazz kai tsaye.

Ed Bland, wani baƙar fata mai tsara kiɗa a Chicago, shi da abokansa suka haɗa shi a 1959 da ɗan abin da ke aljihunsu. Minti 34 ne kacal, babu kala, 'yan wasan ma da gani ka san ba ƙwararru ba ne. Falo ɗaya, baƙaƙe da farare suna gardama kan wane ne mai jaz. Ana cikin haka sai a nuno lungunan unguwannin baƙaƙe na Chicago, gidaje duk sun ji jiki, makaɗin jaz Sun Ra da ƙungiyarsa suna kiɗa a ƙarƙashi. Hujjar Bland ita ce, zagayen kiɗan nan da ake ta maimaitawa shi ne rayuwar da aka killace baƙar fata a ciki, abin da mai busa ke ƙagowa nan take kuma shi ne ɗan 'yancin da ya rage masa. Daga nan ya ce jaz ya mutu. Da na kunna wa yayana, wanda tun muna yara yake tara kaset ɗin jaz, a daidai wannan magana ya ce in mayar baya. Bai yarda ba, ni kuma na yarda, muka yi ta yi har aka kira isha'i. Irin gardamar da za ka samu a aji ke nan.

Shi kuwa Jazz on a Summer's Day na Bert Stern, wanda ya ɗauka a bikin kiɗan jaz na Newport na 1958, ina da shi, yana nan a ajiye. Kala ta yi kyau, Mahalia Jackson ta rufe shi da murya mai ratsa jiki, wannan ba a musu. Amma Thelonious Monk na tsakiyar kaɗa fiyano a kawar da kyamara a koma kan jiragen ruwan masu kuɗi. Shahararren mai busa Louis Armstrong kuma dariyarsa kawai za ka gani, alhali a 1957 ya fito fili ya caccaki Shugaba Eisenhower kan rikicin hana ɗalibai baƙaƙe shiga makarantar farare a garin Little Rock. Stern mai ɗaukar hoton talla da kwalliya ne, kuma fim ɗin ya nuna haka.

Ka yi hattara da masu sayar da faifai a intanet suna cewa kwafinsu gyararre ne. Da yawa daga YouTube suke kwafowa, sautin ya dushe, su ɗora masa kuɗi. Ka sa su turo maka minti biyu ka saurara kafin ka biya, don idan ba a jin muryoyin masu gardamar sosai, na Bland ba zai yi maka aiki a aji ba.