Shekara biyu da tsohon jirgin Ski Nautique 2001: abin da buhunan ruwa suka gyara da abin da suka ɓata

Tun da muka zauna a jihar Minesota ta Amurka, inda tafkuna suka haura dubu goma, yarana suka kamu da son wasan wekbod, wato tsayawa a kan allo ana jan mutum da igiya a bayan jirgin ruwa yana tsallake tudun ruwan da jirgin ke bari. Sababbin jiragen da aka ƙera musamman domin wannan wasa sun fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba, saboda haka na koma neman na hannu, har na dace da Ski Nautique 2001 a wurin wani dattijo da ya daina fita tafki. Kada lambar 2001 ta ruɗi mai karatu, domin sunan samfuri ce. Kamfanin Correct Craft na jihar Fulorida ya ƙera shi ne tsakanin 1982 da 1989, kuma tsawonsa bai cika ƙafa 19 ba.

An yi irin wannan jirgi ne domin masu zamiya a kan ruwa da gudu mai tsanani, waɗanda ke son ruwan bayan jirgi ya kwanta sumul. Injinsa, Ford 351 mai silinda takwas, yana zaune ne a tsakiyar jirgin, sandar farfela kuma ta ratsa ƙasa kai tsaye, kuma wannan tsari shi ke sa jirgin ya daidaita a kan ruwa ba tare da ya tono shi sosai ba. Mai wekbod kuwa akasin haka yake nema. Yana tafiya a gudun da bai wuce mil 18 zuwa 23 a awa ba, kuma yana so tudun ruwan ya yi tsayi da tauri domin ya cilla shi sama. Hanyar samun haka a tsohon jirgi ita ce a danna jikinsa cikin ruwa da ƙarin nauyi, tunda gwargwadon ruwan da jirgi ya ture, gwargwadon tudun da zai tashi a bayansa.

Kafin in biya kuɗi na yi abin da nake ba kowa shawara ya yi. Jiragen wancan zamani suna da ƙashin katako a ƙarƙashin daɓensu, an lulluɓe shi da faiba, kuma a kansa aka ɗaure injin, saboda haka idan ruwa ya daɗe yana shiga katakon sai ya ruɓe daga ciki alhali waje yana sheƙi. Na bi daɓen ina takawa da dunduniya, sannan na sa sifana a kan kusoshin da suka riƙe injin na ja. Da sun juya ba tare da sun kama ba, da na san katakon ya mutu, da kuma na kama hanyar gida. Duk sun kama, sai dai na sami wuri ɗaya mai laushi kusa da kujerar baya, inda mai jirgin ya amince cewa ya taɓa barinsa a waje ba rufi har damina biyu. Wannan ya sa ya rage mini farashi, ni kuma na kashe ragin wajen gyaran wurin.

Nauyin da na zaɓa shi ne buhunan roba na Fat Sac, waɗanda ake cikawa da ruwan tafki da ɗan famfo mai aiki da batir, a kuma zazzage su idan an gama. Akwai masu zuba darma ko yashi saboda ba sa cin wuri, amma ni ban yarda da su ba, domin idan jirgi ya sha ruwa, buhun ruwa ba ya ƙara jansa ƙasa, darma kuwa sai ta kai shi ƙasan tafki. Lissafin ma mai sauƙi ne, tunda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce.

A nan ne na yi kuskuren da ya koya mini jirgin. A fitarmu ta farko na shimfiɗa babban buhu mai kusan kilo 340 a bayan injin, ban sa komai a gaba ba, ina ganin ai a baya tudun yake fitowa. Da na tura totur sai hancin jirgin ya ɗaga sama har na daina ganin gabana sai na miƙe tsaye, injin yana gurnani kafin jikin ya hau kan ruwa, tudun kuma ya fito a tsaye ƙiƙam yana farfashewa da kumfa a gefe ɗaya. Da babban ɗana ya faɗi, sai na saki totur gaba ɗaya na juya da sauri domin in ɗauko shi, kamar yadda na saba lokacin da jirgin ba kaya. Ruwan da muka tayar ya biyo mu ya haye ta baya, ya jiƙa kafet da jakar abincinmu, famfon kwashe ruwa ya yi ta aiki, matata kuwa ta riƙe ƙaramar yarinyarmu ba ta ce uffan ba har muka isa gaɓa, abin da ya fi mini faɗa ciwo.

Daga baya na rage ruwan buhun baya, na sa ƙanana biyu a gefen injin hagu da dama, na cusa wani a ƙarƙashin hancin jirgin. Bambancin ya ba ni mamaki, domin tudun ya fito da tsabta, da gangare mai kyau da baki mai tauri, musamman idan igiyar tana wajen ƙafa 60 zuwa 65. Jirgin siriri ne, saboda haka mutum ɗaya ya matsa daga wannan gefe zuwa wancan ya isa ya ɓata tudun, kuma yanzu kowa a gidanmu ya san wurin zamansa. Na kuma koyi rage gudu a hankali, in jira ruwan ya wuce, sannan in juya. Farfelar ma na sauya ta da wadda ta fi ƙarfin ja ko da ta rage gudun ƙarshe, na kuma ɗora doguwar sanda domin igiyar ta riƙa fitowa daga sama.

Akwai farashin da ba a faɗa wa mai saye. Man fetur yana tafiya fiye da da, buhunan sun cinye wurin sa ƙafa, kuma a Amurka ƙananan jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba suna ɗauke da ɗan allo mai nuna iyakar nauyin da za su ɗauka, wanda ruwan buhu da mutane duk a cikinsa suke. Ma'ana, duk buhun da na cika, aboki ɗaya ko biyu ne na bari a gaɓa. Dokar Minesota kuma ta wajabta a zubar da duk ruwan da ke cikin jirgi da buhunansa kafin a bar bakin tafki, saboda wasu ƙananan halittu masu kumba da ke yaɗuwa daga tafki zuwa tafki, kuma wannan yana ƙara kusan rabin awa a kan kowace fita. Kafin sanyi ya kama sai an tsiyaye ruwan injin tas, in ba haka ba ƙanƙara ta tsaga shi.

Ga iyali mai mutum huɗu ko biyar da ke koyon wasan, wanda maigidan ba ya ƙyamar riƙe sifana, jirgin ya biya ni kuɗina, kuma yarana sun fara tsallake tudun daga gefe zuwa gefe. Wanda yake son ɗaukar taron abokai kuwa, ko fita babban tafki irin Minnetonka a ranar Asabar lokacin da manyan jirage ke dama ruwa, ba zan ba shi shawarar ya loda wa wannan jirgi kaya ba. Ni kaina a irin waɗannan ranaku rabin buhunan nake cikawa.